Motar magoya baya ta kama hanyar Newcastle

Matafiyin Gunners

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin motar magoya bayan Arsenal, mun bar Landan tun gari bai waye ba, za mu Newcastle, tafiyar kusan kilomita 450. Barci ya ƙi zuwa. Ga abin da ya zo mini, mai iyawa ya karɓa.

Da sunan Ta'ala na ɗau alƙalam,
Ya kai mu Ya maido mu duk lafiya.

Duhu bai wuce ba muka bar gari,
Fitilu kaɗai ne ke haska hanya.

Ja da fari a wuyan kowannenmu,
Ga tsoho da jika a kujerar baya.

Tikitina yana aljihun ƙirji,
Ina ta shafa shi kamar ajiya.

Direba ya murɗa rediyo kaɗan,
Sai ga labaran sassan duniya.

Wajen nan wuta ce, wajen can gudu,
Uwa na ta kuka, tana tambaya.

Motar ta yi tsit, waƙa ta yanke,
Mai ganga ya ɗora hannu a zuciya.

Can wani ya ɗago waƙar a hankali,
Muka amsa masa, amma da rawar murya.

Ku gaya mini, zuwa kallo a rana irin ta yau,
Halas ne ga zuci, ko abin kunya?

Na Old Trafford

Wa alaikumus salam. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku hannu rabbana.

Ƙanena ka tashi cikin sanyi,
Ka bar bargo, ka bar ɗaki.

Ka bi ƙungiya mai cika alkawari rabi,
Mai ɗaga rai ta sake shi a aiki.

Sau uku a jere kuna na biyu,
Kamar an kafe ku a wannan mataki.

Ba kukan duniya ne ya dame ka ba,
Fargabar Newcastle ce ke murɗa ciki.

Matafiyin Gunners

Yayana, na biyu ai maƙwabcin sama ne,
Na goma sha biyar shi ne abin mamaki.

Kun tafi Bilbao da jirgi da mota,
Tottenham ta aiko ku gida ba biki.

Tun 2013 da dattijo ya sauka,
Kuke sauya koci kamar rigar jiki.

Kai da ke kallo a kishingiɗe,
Kar ka yi wa mai tafiya tsaki.

Hajiyar Anfield

Kai! Baitin Bilbao, inda Manchester United ta sha kashi a wasan ƙarshe na Kofin Europa, ya shiga har ƙashi. Matafiyi Allah Ya ƙara basira. Mutumin da Liverpool ta ɗura wa bakwai ba ko ɗaya a Anfield a Maris ɗin 2023 ai kamata ya yi ya riƙa sallama kafin ya shigo cikin manya.

Mai Shuɗi

Hajiya kin yaba ne don ya taɓa United, ba don baitin ba. Bari in tuna masa wata tafiyar.

Ɗan'uwa, in tafiya ake faɗi,
Tuna Baku, gari mai nisan zuwa.

Maƙwabtan juna a birni guda,
Aka kai mu gaɓar Kaspiyan gamuwa.

Wasu ta Tibilisi, wasu ta Istanbul,
Kwana biyu a hanya ba runtsawa.

Mkhitaryan ɗinku ya zauna gida,
Rikicin ƙasashe ya hana shi zuwa.

Huɗu da ɗaya muka ba ku guzuri,
Giroud naku na da ya fara zurawa.

Hazard ya ƙara biyu ya yi bankwana,
Kuka sha nisan hanya wajen dawowa.

A 2019 ne, wasan ƙarshe na Kofin Europa tsakanin Chelsea da Arsenal, ga wanda ya manta. Tikiti wajen 6,000 aka ba kowace ƙungiya, su ɗin ma ba su ƙare ba saboda wahalar isa wurin. Ɗan wasa guda bai je wasan ƙarshe ba don shi ɗan Armeniya ne, wasan kuma a Azarbaijan. Wanda ya ce ƙwallo ba ruwanta da labaran duniya ya fara bayani daga nan.

Hajiyar Anfield

Mai Shuɗi ƙanena, rage ɗagawa,
Akwai wata shekara da za ka tuna.

Rasha ta shiga Yukiren da tankoki,
Takunkumi ya zo ƙofarku ya kwana.

Mai kuɗinku ya tafi ba sallama,
Tikiti ma sayar da shi aka hana.

Mu ma wutar ba ta ƙyale mu ba,
Aka ɗauke wasa, a Paris za a gana.

Mutane da tikiti a hannu tsaye,
Ƙofa a rufe, ba mai magana.

Barkonon tsohuwa a fuskar yara,
Tsofaffi na tari, ido na ƙuna.

Sannan aka ce ai laifinsu ne,
Kamar Hillsborough, a sake ɓata suna.

Ban je ba, a talabijin na gani, amma har yau in na tuna 28 ga Mayun 2022 sai jikina ya yi sanyi. A Saint Petersburg aka shirya yin wasan, na ƙarshe na Kofin Zakarun Turai tsakanin Liverpool da Real Madrid, yaƙi ya sa aka maido shi Faransa. An jinkirta farawa minti 36, aka rubuta a allon fili wai magoya baya ne suka makara. Rahoton binciken da ya fito a Fabrairun 2023 ya wanke su, ya ɗora babban alhakin a kan UEFA. Mu da muka rasa mutum 97 sanadin turmutsutsun filin Hillsborough a 1989, wannan ƙage ba ƙaramin ciwo ya fama mana ba.

Ɗan Madrid

Hajiya, abin da ya faru a ƙofa ba daɗi, na yarda. Amma a cikin fili:

Courtois ya tsaya kamar katanga,
Salah ya buga har ƙafa ta gaji,
Vinicius ya taɓa sau ɗaya tak,
Kofi ya koma inda ya saba barci.

Malam Mai Sikeli

Salamu alaikum. Na karanta daga sama har ƙasa, kuma ba zan iya shiru ba. Matafiyi, baitinka na fari ya hau karin Mutaƙarab tsaf: fa'ulun fa'ulun fa'ulun fa'al. Na shida ma haka, "Wajen nan wuta ce, wajen can gudu", wannan ɗango ko a gaban wa za a iya rera shi. To me ya kai ka "Muka amsa masa, amma da rawar murya"? Gaɓoɓi sun yi cunkoso kamar bakin ƙofar fili. Mai Shuɗi, ka rufe baiti biyu da "zuwa" a waƙa mai baiti shida, maimaita kalmar amsa-amo kusa da kusa aibi ne. Ɗan Madrid kuwa, "gaji" da "barci" ko a duhu ba su yi kama ba.

Idan za ka waƙa ka nemo awo,
Ka ɗora kalamanka daidai kari.

Da layi ake yin ta ƙwallon ƙafa,
Ka ƙetare layin, a soke shiri.

Ku caccaki juna, hakan ban hana,
Awon ne kawai kar ku ce an bari.

Na Old Trafford

Allah Ya ƙara wa Malam lafiya. Dama tun ɗazu nake jin waƙar yaron nan tana ɗingishi. Yadda ƙungiyar take farawa da kyau ta karye a watan Afrilu, haka baitocin.

Mai Shuɗi

Malam, da girmanka. Ka auna nawa, ka auna na Matafiyi, ka auna na Ɗan Madrid, ka tsallake na Old Trafford. "Ka bi ƙungiya mai cika alkawari rabi", a wane bahari wannan yake iyo? Ko sikelin naka yana da jar riga ne?

'Yar Camp Nou

Malam a yi mini afuwa, ni ƙarama ce a nan, amma ina da ja. Mutum yana cikin mota tana girgiza, yana rubutu da babban yatsa, zuciyarsa cike, ka ce sai ya ƙirga gaɓa mai nauyi da marar nauyi? Waƙar da dubban mutane ke rerawa a fili, wa ya taɓa yanka ta da fa'ulun? Tafi da ganga su ne ma'auninta. In ɗango ya yi tsawo a ja numfashi, in ya gajarta a ja murya.

Yaya Matafiyi, ba kai kaɗai ba,
Messi ma ya ɗanɗani zaman mota.

Dutse ya yi amai can a Iceland,
Toka ta rufe sama, jirgi ya kwanta.

Kwana biyu suna hanyar Milan,
A Cannes suka yada zango suka huta.

Inter ta tarbe su da ƙafa a sake,
Uku da ɗaya, wa zai manta?

Labarin da ka ji a rediyo da safe,
Da yamma yakan zo fili ya kafa tuta.

Afrilun 2010 ke nan, wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Zakarun Turai tsakanin Barcelona da Inter. Har gobe ina cewa da jirgi suka hau da Mourinho, kocin Inter na lokacin, bai ga wasan ƙarshe ba.

Malam Mai Sikeli

'Yata, maganarki tana da ƙafa guda a kan gaskiya. Waƙar baka kiɗa ke riƙe ta, na yarda. Amma nan rubutawa muke yi, mai karatu ba ya jin gangarki, abin da ke kan allo kawai yake gani. In kari bai riƙe ɗango ba, me zai riƙe shi? Halilu ɗan Ahmadu na Basra bai ƙirƙiro karuruwa ba, saurara ya yi ya tarar da su a bakin mutane, ya fitar da 15, Ahfash ya ƙara Mutadarak suka cika 16. Ke ma da kunnenki kike aunawa, suna ne kawai ba ki sa masa ba. "Toka ta rufe sama, jirgi ya kwanta" ya yi daɗi a baki, shi ya sa ban taɓa shi ba.

Mai Shuɗi, ɗangon da ka kawo karyayye ne, na tsallake shi ne don ba ya gyaruwa. Kuma ni ba ruwana da United. AC Milan nake bi tun zamanin Baresi da Van Basten.

'Yar Camp Nou

To Malam, in kunne ne asali, me ya sa za a hukunta kunne da littafi?

Ɗan Madrid

Ni dai "gaji" da "barci" duk da wasalin i suka ƙare. A duba mini dokar.

Malam Mai Sikeli

Harafin da ke ɗauke da wasalin ake dubawa, ɗana. Ja daban, ca daban. Da wasali kaɗai ake yi da rabin ƙamus ya zama amsa-amo.

Mai Shuɗi

"Ba ya gyaruwa" ba hukunci ba ne Malam, kariya ce. Ni ka kira nawa aibi a bainar jama'a.

Hajiyar Anfield

Ku dakata. Malam ya ce Milan? Ashe da tsohon ciwo ake auna mu.

Malam mai sikeli, barka da zuwa,
Istanbul na gaishe ka da sunan rana.

Uku ba ko ɗaya kuka tafi hutu,
Kuna ganin kofi ya zo ya zauna.

Mutanenmu da suka keto Turai,
Suka tashi da waƙa, ba mai zama ya yi ƙuna.

Minti shida, uku suka dawo,
Gerrard, Smicer, Alonso suka nuna.

Dudek ya yi rawa a kan layi,
Shevchenko ya buga, hannu ya hana.

Auna wannan da fa'ulun ɗinka,
Ka gaya mini a wane bahari kuka kwana.

Malam Mai Sikeli

Hajiya, baitinki na uku ya fi ƙarfin sikeli, amma na ƙarshen ya same ni. Ga amsa.

Ki juya takarda, ki dubo gaba,
Atina tana nan, ta rama ɓari.

Filippo ya sa ku shiru sau biyu,
Bakwai ne a taskarmu tun da wuri.

2005 taku ce, 2007 tamu. A Kofin Zakarun Turai ku shida, mu bakwai.

Ɗan Madrid

Shida da bakwai a haɗa, 13. Mu mun ɗauki na 15 a Wembley a 2024. Ku ci gaba da lissafi.

Matafiyin Gunners

Na dawo na tarar da saƙo sun taru kamar an yi gobara. Mun tsaya a wurin hutawa na bakin hanya, sabis ya ɗauke, sai yanzu. Malam na karɓi gyara, zan gwada kafin mu isa. Amma tambayata tana nan a ƙasa ba wanda ya ɗaga ta.

Tsohon da ke bayana tun ɗazu yake gyara wa jikansa ƙyallen wuya, yaron yana ture hannunsa. Da labaran suka sake zagayowa sai na ga ya sa tafin hannu ya rufe kunnen yaron guda, ya jawo kansa ya manna ɗaya kunnen a ƙirjinsa. Bai ce komai ba. Shi ne abin da ya tsaya mini a rai.

Na Old Trafford

Tambayarka ta manya ce, su za su amsa. Ni ga tawa gudummawar kafin ka isa.

In ka hau can sama ka leƙo ƙasa,
Ka tambayi filin, yana da baki.

Huɗu ba ko ɗaya kafin hutu,
Kuka fara kiran gida a shirya biki.

Diaby ya ga jan kati ya fice,
Sai ginin ya rushe tun daga ciki.

Tiote ya saki wata daga nesa,
Huɗu da huɗu, kuka raba maki.

Fabrairun 2011. Ka gaishe mini da ragar.

Baba Tsohon Gola

Salamu alaikum 'ya'yana. Ni ba na saurin rubutu, kafin in haɗa baiti ɗaya kun yi goma. Tun safe nake riƙe da tambayar yaron nan.

Jikana, ka yi tambaya tun asuba,
Suka bar ta a ƙasa suna ta fama.

Ka ce ko kunya ce zuwa kallo,
Alhali wuta tana cin al'umma.

Tambayi Hilal da Merrikh na Sudan,
Da yaƙi ya hana su wurin zama.

Suka ɗauki jaka har Muritaniya,
Gasar wasu suka shiga don samun dama.

Tambayi Shakhtar, tun 2014,
Ba ta taka filinta na Donetsk ba kuma.

Kai ka fito, da dare za ka koma,
Su ranar komawar suke nema.

Mai gudun hijira da rediyo a kunne,
In an ci ƙwallo yakan ɗaga hannu sama.

Minti casa'in ya manta da tanti,
Wa zai ce masa wannan ba rahama?

Je ka yi kallonka, ka ɗaga murya,
Ka sa su a addu'a in an gama.

Filin da za ka shiga ɗin nan, Christian Atsu ɗan Ghana ya yi shekaru yana gudu a gefensa, daga 2016 zuwa 2021. Ranar 5 ga Fabrairun 2023 ya ci wa Hatayspor ƙwallon nasara a ƙarshen wasa, da bugun tazara. Kafin gari ya waye girgizar ƙasa ta auka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya. Sai ranar 18 ga watan aka ciro gawarsa daga ɓaraguzai a Antakya. Na yi kuka ranar, ni da ban taɓa goyon bayan ƙungiyar da ya buga wa ba.

Abin da ya biyo baya shi nake so ka riƙe. A ƙarshen watan, magoya bayan Besiktas suka zo fili kowa da 'yar tsana a hannu. Da agogon wasa ya kai minti 4 da daƙiƙa 17, daidai da ƙarfe 4:17 na asubar da ƙasa ta girgiza, aka tsayar da wasa, suka yi ta jefo su har ciyawa ta rufe, don a kai wa yaran da suka tsira. Mutanen nan ma mota suka hau suka zo kallo, kamar kai.

Shi ma Tiote da ɗana na Old Trafford ya ambata, ya faɗi a wurin atisaye a Beijing ya rasu a 2017, yana ɗan shekara 30. Allah Ya jiƙansa. In za ku ambace shi a tsokana, ku haɗa da addu'a.

Na Old Trafford

Amin Baba. Na yi kuskure da ban haɗa ba. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Hajiyar Anfield

Baba ya gama magana. "Su ranar komawar suke nema", wallahi sai da na ajiye wayar na ɗan jima. Malam, in ka taɓa wannan waƙar da sikeli ni da kai ne.

Malam Mai Sikeli

Ba zan taɓa ba Hajiya. Akwai ɗango biyu da suka zarce, amma na gani na kau da kai.

'Yar Camp Nou

Ka gani ko Malam? Ashe sikelin yana da zuciya. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Malam Mai Sikeli

Girman Baba ne, 'yata, ba sauyin doka ba.

Matafiyin Gunners

Na gode Baba, Allah Ya ƙara girma. Na karanta sau uku. Mun wuce gunkin ƙarfen nan mai buɗaɗɗun fukafukai na Gateshead, mun haye kogin Tyne, an sauke mu. Baƙi a St James' Park can ƙololuwa ake kai su, sai ka ga 'yan wasa ƙanana a ƙasa, filin kuma yana cin mutum sama da 52,000. A kan matakala na haɗa waɗannan, Malam a duba.

Mu sauka, mu jera, mu kama hawa,
Hawa na bakwai ne, akwai shan wuya.

Da tsoho da jika suna nan gaba,
Guda na ta nishi, guda dariya.

Ciyawa tana can kamar darduma,
Mutane dubu ne da murya ɗaya.

Nasihar ta Baba tana nan a kai,
Tunanin su Atsu yana zuciya.

Usur zai yi ƙara, ku ban gafara,
Cajin ya yi ja, dole in bar waya.

Malam Mai Sikeli

Yanzu ka hau kari. Baiti biyar ba tuntuɓe, kuma a kan matakala. 'Yar Camp Nou, ina batun girgizar mota?

'Yar Camp Nou

Matakala ai tana da kiɗa Malam, ƙafa ce ta auna masa.

Mai Shuɗi

Duk na ji. Amma har yanzu ba a yanka mini "Ka bi ƙungiya mai cika alkawari rabi" gaɓa-gaɓa ba. Malam ina nan ina jira, ko bayan an tashi wasa ne.